Buga katin zane da kuɗin aljihu: akwai ci a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai zane ne a Daura. Na ga masu zane a Turai da Amurka suna buga katin tarot da kansu suna sayarwa ta intanet. Ina so in yi nawa da hoton Kusugu da Daurama da hawan Sallar Gani. Akwai ci a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mu fara da sanin hajar. Tarot kati 78 ne, 22 manya da 56 ƙanana. Karta ce da aka fara wasa da ita a arewacin Italiya a ƙarni na 15, sai a ƙarshen ƙarni na 18 aka mayar da ita abin duba a Faransa. Yawancin masu sayenta yau don duban suke saye. Ka san matsayin duba a wajen malamanmu, ka kuma san ba mai shagon littattafai a Daura ko Katsina da zai baje maka ita. Kasuwar tana waje, nan kuwa lissafin yake ɗaci.

Zane 78 aikin watanni ne da ba mai biyanka. Sai maɗaba'a. Kati ba kalanda ba ne: yana son takarda mai kauri, da shafe don ya riƙa sulɓi a hannu, da injin da zai yanke kusurwa a zagaye, ga kwali, ga ɗan littafin bayani. Shi ya sa su kansu Turawan da yawa China suke kai aikin. Can kuma galibi ba a kunna maka inji don kwali ashirin, sai ɗaruruwa, domin kuɗin shirya farantin bugu ɗaya ne ko kaɗan ka buga ko da yawa. Da dala za ka biya, ka kuma ga yadda naira ta koma tun 2023. Ƙara kuɗin jirgi da na kwastan.

To su ta ina suke tsira? Kafin alƙalami suke karɓa. A dandalin Kickstarter, wanda aka buɗe a 2009, mai zane yana nuna samfuri, masu so su biya, sannan ya buga. Dandalin na cire kashi 5 cikin 100, ban da ladan masu sarrafa biyan kuɗin. Sai dai Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake buɗe aiki daga cikinsu. Ko ka samu hanya, aika kwali ɗaya daga nan zuwa Landan na iya cinye ribarsa. In kuma ka ba masu shago sari, kusan rabin farashin nasu ne.

Abin da ke karya mutane ba tsadar bugu ba ce, kwantai ne. A ce ka buga 500 ka sayar da 120. Sauran 380 jarinka ne kwance a ɗaki, damina na jiransu.

Da ni ne, zanen zan riƙe in sauya hajar. Katin tarihin Hausa Bakwai, ko na karin magana, hoto a gaba, bayani a baya. Kati 30 ko 40 sun isa, maɗaba'un Kano da Kaduna za su iya, kuma mai saye yana kusa: makarantu masu zaman kansu, iyaye, baƙin da ke zuwa kallon rijiyar Kusugu. Buga samfuri goma da injin bugun kai tsaye, wato wanda ba ya buƙatar faranti, ko da sun yi tsada, ka zagaya da su ofishin shugabannin makarantu. Wanda ya ce "ya yi kyau" kada ka lissafa shi, sai wanda ya ajiye kuɗi. Ran da abin da aka ajiye ya kai kuɗin bugu, ka tafi maɗaba'a, kuma ka sa su rubuta maka cewa zanen mallakarka ne kafin ka miƙa musu fayil ɗin.