Hukuncin Dasa Guringuntsin Mamaci Wanda Aka Daskarar

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na faɗi a babur, guringuntsin gwiwata ya lalace. Wani dillalin asibitocin waje ya ce za a dasa mini na mamaci wanda ya daɗe a ajiye cikin ƙanƙara. Wani malami kuma ya ce najasa ce, salla ba za ta yi da ita a jiki ba. Ina mafita? Daga Fagge.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ce.

Dashe daga jikin mamaci ya halatta in akwai larura, da izinin mamacin ko magadansa, ba saye ba sayarwa. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke Jidda ta yanke haka tun 1988. Abin da ya tsaya mini a rai, ɗana, shi ne cewar da ka yi ya daɗe a ƙanƙara.

Shari'a ba ta yarda a taɓa alfarmar gawa ba, ko a yanka jikinka da yake amana a hannunka, sai don amfanin da ake kyautata zaton samunsa. Shi kuwa guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, ƙwayoyin halittarsa 'yan kaɗan ne, kuma wajen kashi 70 cikin ɗari nasa ruwa ne. In aka daskarar da shi, ruwan ya kan zama tsinin ƙanƙara mai yaga ƙwayoyin, gishirin da ya saura kuma ya zuƙe ruwan cikinsu. Ko uwargida ta san naman firiza in ya narke ruwa yake tsiyayarwa. Akwai maganin kariya da ake kira DMSO, sai dai ba ya ratsa guringuntsi da sauƙi, in ya yi yawa kuma shi kansa guba ne ga ƙwayoyin. Shi ya sa likitoci suka fi son sabo, a ajiye shi a sanyin digiri 4 a dasa kafin kwana 28 ko kusa da haka.

Amma a rarrabe. In faifan nan ne da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa, ana dasa daskararre kuma yana aiki. In kuwa santsin da ya lulluɓe kan ƙashi ne, shi rayayyun ƙwayoyi yake buƙata don ya ɗore. Tambayarka ba ta fayyace ba. In likita amintacce ya ce amfani ya rinjaya, ya halatta. In ya ce ba zai ɗore ba, to ban halatta maka ba, ga ɓarnar dukiya a kai.

Batun najasa kuwa, ina girmama malamin, amma bai yi daidai ba. Gaskiya ne Shehu Halil ya ambaci gawar mutum cikin najasa a Muhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, to amma a nan take ya ce mafi bayyana ita ce tsarkinta, kuma a kan haka malaman mazhabarmu suka dogara. Manzon Allah (SAW) ya ce mumini ba ya zama najasa. Nana A'isha ta ruwaito cewa a cikin masallaci ya sallaci Suhailu ɗan Baida'u. Ana shigar da mushe masallaci? In an ce mai kyautar wataƙila ba Musulmi ba ne, karamcin da Allah ya ambata a Suratul Isra'i na 'ya'yan Adam ne baki ɗaya. Mu ma ƙaddara najasa ce, ai a cikin jiki take a rufe, kamar jinin da kowa ke salla da shi a jijiyoyinsa.

Kada ka sayar da fili ko shago a kan maganar dillali, shi la'adarsa yake nema. Ɗauki hotunan gwiwar ka je Asibitin Ƙashi na Dala, ka tambaya wane guringuntsi ne ya lalace, kuma ko za a iya ɗebo naka daga wani gefen gwiwar, don wannan babu batun izinin magada a cikinsa. Kafin nan, in sujada na yi maka ciwo, yi sallarka a zaune ka yi nuni. Wallahu a'alam.