Ga mai tikitin Freischütz: ka je, amma ka san labarin tun daga gida

Wa alaikumus salam ƙanina. Tun jiya da dare na ga tambayarka, aiki ne ya hana ni zama in rubuta. Kace abokin aikinka Bajamushe ya baka tikiti biyu na Der Freischütz, opera ce wato wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa da kiɗa, a gidan wasan garinku a Jamus, kai kuma kana ta wasiwasi, garin ƙarami ne ba Berlin ba ba Munich ba ko abin zai yi armashi, ga Jamusancinka bai gama nuna ba, sannan kaji ance akwai shaiɗan da tsafi a ciki, shin ya dace ka tafi da madam. Na ga wasu har sun ce ka sayar da tikitin kawai. Ni dai cewa zan yi ka je, kuma ka tafi da ita. Ni tela ne, a sashen ɗinkin kayan 'yan wasa nake aiki a wani gidan wasa irin na garinku, kuma wannan wasan na yi masa ɗinki da hannuna, na tsaya a bayan labule ana yinsa, don haka abinda zan faɗa maka ba ji nayi ba.

Maganar ƙanƙantar gari ka cire ta daga ranka tukuna. Jamus ba haka tsarinta yake ba. Ƙasar nan tana da gidajen opera sama da 80 masu ma'aikatansu na dindindin, mawaƙa da makaɗa da 'yan amshi da kafintoci da masu fenti da mu teloli, duk albashi muke ɗauka, kuma mafi yawan kuɗin gwamnatin gari ko ta jiha ce ke zubawa, shi yasa a gidaje irin namu akwai kujerar da ba ta kai Yuro 20 ba. Wasu gidajen ma, irin na Detmold, lodin kayansu suke a manyan motoci su bi garuruwan da basu da nasu 'yan wasan. Kuma manyan da ake ji da su a irin waɗannan gidajen suka fara. Herbert von Karajan a Ulm ya fara jan makaɗa a 1929 kafin ya koma Aachen, mawaƙi Jonas Kaufmann da yanzu sai ka yi da gaske kafin ka samu tikitinsa a Saarbrücken ya fara a 1994. Yarinyar da zaka ji tana waƙa a garinku ranar, wlh ba mamaki nan da 'yan shekaru sai dai ka ganta a talabijin. Kuma zaka ga mutanen daga ko'ina suke, 'yan Koriya da yawa, 'yan Jojiya, 'yan Afirka ta Kudu, mu a wurinmu in ana cin abincin rana yare kala-kala zaka ji. Ƙaramin gida ma yana da wani abu da babba bashi da shi, kana kusa, zaka ga zufa a goshin mawaƙi, kuma ka tuna babu lasifika ko ɗaya, muryar mutum ce tsurarta take tsallake makaɗa kusan hamsin da ke zaune a rami a gaban dandamali ta iske ka a kujerarka.

To labarin. Wannan shine abinda nafi so ka riƙe, domin in ka san labarin ko rabin Jamusancin ya wuce ka ba zaka ɓata ba. Carl Maria von Weber ne ya tsara kiɗan, Friedrich Kind ya rubuta kalmomin, an fara nunawa a Berlin ranar 18 ga Yuni 1821. Labarin a dazukan Bohemiya ya faru, ƙasar Cek ta yanzu, jim kaɗan bayan yaƙin shekara 30 ɗin nan da ya ƙare a 1648. Akwai wani saurayi maharbi, Max, yana son Agathe 'yar Kuno sarkin daji, amma al'ada ta ce ba za a bashi ita ba, ba kuma zai gaji sarautar ba, sai yayi harbin gwaji a gaban yarima ya samu. Harbi ɗaya tak. Ga shi kuma kwana da kwanaki hannunsa ya ƙi, duk abinda ya auna sai ya kuskure, har wani manomi Kilian ya kada shi a gasa mutanen ƙauye suka taru suna masa waƙar shaƙiyanci. A wannan halin ne abokinsa Kaspar ya matso. Shi Kaspar ya riga ya sayar da kansa ga Samiel, wato shaiɗanin dajin, wa'adinsa gobe zai cika, yana neman wanda zai miƙa a madadinsa a ƙara masa shekara uku. Sai ya miƙa wa Max bindigarsa yace harbi wancan, ga gaggafa can ƙololuwar sama ga duhu ya fara, Max ya harba sai ga ta ta faɗo a gabansa. Yace masa ai harsashin na asiri ne, in kana so ka same ni a Kwazazzabon Kyarkeci da tsakar dare mu zuba wasu.

Harsashi bakwai ake zubawa. Shida duk inda ka auna nan zasu je, na bakwai na Samiel ne, shi zai kai shi inda ya ga dama. Max ya ɗauki huɗu Kaspar uku, da safe Max ya kashe uku yana burge yarima, shi kuma Kaspar da gangan ya ɓarnatar da nasa har na ƙarshen a kan yanyawa, don ya tabbata wanda ya rage a bindigar Max shine na bakwai. Ita kuma Agathe tun dare alamu suke ta zuwar mata, hoton kakansu ya faɗo daga bango ya fasa mata goshi, tayi mafarki ta zama farar kurciya Max ya harbe ta, ƙawayen amarya suna cikin waƙa aka buɗe akwatin furen kanta sai aka tarar furen gawa aka kawo. Sai ta ɗaura fararen furannin da wani tsoho bawan Allah da ya keɓe kansa a daji ya bata. A wajen gwaji yarima Ottokar ya nuna farar kurciya a kan reshe yace harbe ta. Max ya harba, Agathe ta faɗi, kowa ya ɗauka ta mutu, ashe suma tayi, Kaspar harsashin ya samu. Max ya faɗi gaskiya da bakinsa, yarima yace a kore shi daga ƙasar, sai tsohon nan ya fito yace a'a, a bashi shekara ɗaya ya gyara halinsa, in ya gyaru a bashi matarsa, kuma wannan al'adar ta rataya auren mutum biyu a kan harsashi ɗaya a soke ta daga yau.

Kaga ai ba baƙon labari bane a wajenmu, saurayi ne da aka matsa wa lamba kan aure har mugun aboki ya ja shi wurin boka, kuma bokan bai taɓa bada abu kyauta ba. Shi yasa maganar tsafi da ta dame ka nake ce maka wasan ba tallar tsafi yake ba, wanda yayi tsafin shi ya hallaka, wanda ya tuba aka yi masa sassauci. Hukuncin kiɗa kuwa wannan fagen malamai ne, kowa ya san inda yake tsaye, ni abinda ke cikin wasan na faɗa maka. Ni abinda yake taɓa ni kullum shine maganar tsohon nan ta ƙarshe, bai wanke Max ba, amma bai bar manyan da suka kafa sharaɗin sun tafi hannu wanke ba.

Zancen yare kuma kayi sa'a, wannan ba irin wanda ake rera komai daga farko har ƙarshe bane, ana waƙa a tsaya ayi magana kamar wasan kwaikwayo sannan a koma waƙa. Shi Samiel ma baya waƙa sam, magana kawai yake. Sannan yawancin gidaje suna haska kalmomin waƙar a wani allo a saman dandamali, karantawa tafi saurare sauƙi. Kuma gidaje da yawa suna yin ɗan bayani kyauta kamar rabin awa kafin a fara, ka duba takardar shirin in akwai ka je da wuri. Amma kasan wani abu, kiɗan kansa yana faɗa maka. Duk lokacin da kaji an yi ƙasa da sauti, goge na rawa a hankali, ga wani bugu dum, dum daga can ƙasa, to Samiel na kusa, tun a kiɗan buɗewa zaka fara jinsa kafin ma a ɗaga labule. In kuma kaji ƙahonni huɗu sun tashi tare, daji ne da mafarauta.

Wurin kwazazzabon nan, ƙarshen kashi na biyu, shine inda ake gane gidan wasa ya iya aiki ko bai iya ba, kuma anan ƙananan gidaje suke bani sha'awa don basu da kuɗin manyan injuna sai dabara. Ni daga gefe nake kallonsa, riga a hannu ina jiran wanda zai fito ya canza. Akwai mutum ɗaya zaune a wani ɗan teburi da fitila ƙarama da littafin kiɗan a gabansa, abin magana a kunne, shi yake bada umarnin komai, hayaƙi yanzu, wuta yanzu, buɗe ramin ƙasa yanzu, duk a kan bugun kiɗa, in yayi latti da daƙiƙa ɗaya abin ya lalace. 'Yan amshi suna ɓoye a bayanmu cikin duhu suna rera muryar aljanu, mutanen da ɗazu muka sha shayi tare. Ma'aikacin kashe gobara na tsaye da kayansa saboda ana kunna wuta ta gaske. Kaspar yana narka dalma yana ƙirga harsashi da ƙarfi, ɗaya, amsa kuwwa ta dawo masa daga bayan dandamali, biyu, haka har bakwai, kowanne ƙirge kiɗan na ƙara haukacewa. Na san duk igiyar da ake ja da wanda yake janta, amma wlh har yau in ya kai na shida sai tsikar jikina ta tashi.

Ta ɓangarenmu kuma, in ka ga mafarautan nan sun fito da kayansu kamar sun shekara goma a daji, sababbi ne fil muka ɗinka sannan muka tsufar da su, mu goge gwiwa da gwiwar hannu da sanfefa, mu tsoma a rini mai ruwan ƙasa, mu ɗan yage bakin aljihu. Da farko abin yana min ciwo a matsayina na tela, ka gama ɗinki tsaf ka koma kana ɓata shi, amma da na zauna a kujerar 'yan kallo ranar gwajin ƙarshe na ga yadda sabon yadi yake ƙyalli a ƙarƙashin fitila kamar na kanti sai na yarda. Rigar Agathe kuwa ba a aunata kamar ta amaryar gari, sai ka sa mawaƙiyar ta ja numfashi iya ƙarfinta sannan ka zagaya tef, domin haƙarƙarinsu buɗewa yake sosai in suna waƙa, in ka matse ta ka kashe mata murya. Tana da wata doguwar waƙa a kashi na biyu, tana tsaye ita kaɗai tana addu'a tana jiran Max ya dawo, kusan minti takwas babu wanda zai taimake ta. Madam ta saurari wannan wurin da kyau. Kusan sati shida ake ana gwaji kafin ranar farko, kuma duk a lokacin mutanen nan da dare suna fitowa a wani wasan daban.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai tsakani da Allah, a Jamus darakta yana da 'yanci sosai. Kiɗan ba a taɓa shi, amma abinda ido zai gani kowa da nasa. Wani zai baka daji da bindigogin da, wani zai mayar da labarin ofis ko barikin soja, wani ya cika wurin da jini, wani ma ya sa 'yan wasa su fito da shigar da ba zaka so zama kusa da iyalinka kana kallo ba. Na taɓa ganin wanda aka mayar da tsohon nan abin dariya, raina ya ɓaci sosai don an zare wa labarin ƙashin bayansa. Saboda haka kafin ranar ka shiga shafin gidan wasan a intanet, suna sa hotuna da ɗan gajeren bidiyo da shekarun da suka dace a kawo yaro, ko ka buga wa wurin sayar da tikiti waya ka tambaye su kai tsaye, zasu faɗa maka gaskiya. In ka ga abinda bai kwanta maka ba ka mayar wa abokinka tikitinsa da godiya, ba laifi bane.

Kuma ka gane abokin nan naka ba ƙaramin abu ya baka ba. Jamusawa suna ɗaukar wannan wasan kamar nasu na gado. Gidan opera na Dresden, garin da Weber yayi aiki tun 1817, da wannan wasan aka rufe shi a 1944, bom ya rushe ginin a 1945, da aka gama sake gina shi kuma da wasan aka buɗe shi ranar 13 ga Fabrairu 1985. Shi Weber a Landan ya rasu a 1826 bai cika shekara 40 ba, Richard Wagner, shi ma mai tsara kiɗan opera, shi ne ya tsaya tsayin daka har aka dawo da gawarsa Dresden a 1844. A Eutin garin haihuwarsa tun 1951 suke bikin opera a fili a bakin tafki duk bazara.

Shiga kuma kar ta dame ka, babu dole sai kwat. Ka sa shaddarka da hula, madam ta sa atamfarta da mayafi ko hijabinta, babu mai hana ku, in ma an kalle ku sha'awa ce. Rigar sanyi ana ajiyewa a wurin ajiya a ƙasa su baka lamba. Ku isa da wuri don in an rufe ƙofa sai an tafi hutu zasu bar ku ku shiga, waya a kashe gaba ɗaya, kuma ka gaya wa madam akwai harbin bindiga mai ƙara kar ta firgita. A hutun ana sayar da giya amma akwai ruwa da lemo da burodin nan nasu mai gishiri. Duka-duka da hutu zai kai awa biyu da rabi zuwa uku, yawanci bakwai da rabi ake farawa, sai ka lissafa sallarka, ka kuma duba motar ƙarshe ta unguwarku don a ƙananan garuruwa bas yana ɗaukewa da wuri. In kana so ka turo min sunan garin ta akwatin sirri in duba hotunan nasu in faɗa maka wane iri suka shirya.