Tambaya da Amsa: Surukata ta ce ina kashe mata jika da ƙishirwa

Tambaya: Salama a gare ki, Mama. Ni matar aure ce a Kafanchan, yarana biyu. Babbar shekararta biyu da rabi, ƙaramin watansa uku. Maigidana malamin firamare ne, albashin ba ya kai mu ƙarshen wata. Uwar mijina tana tare da mu tun da na haihu, kuma kullum sai mun yi a kan ruwa. Ta ce ina kashe mata jika da ƙishirwa a wannan zafin. Ranar Lahadi ta dawo da wata gorar ruwa daga wurin wani mai addu'a, wai a riƙa ɗiga wa yaron a baki safe da yamma saboda kukan dare. Ita kuma babbar ba ta son komai sai Indomie da shayi, sai ramewa take yi. Ga azumin kwana 40 kafin Ista ya ƙarato, ina jin nauyin a ce ni kaɗai ce ban yi ba a Zumuntar Mata. Ba na son in zama matar da ba ta jin maganar manya, amma tsoro ya hana ni barci. Yaya zan yi?

Amsa: Salama, 'yata. Barka da arziki, Allah ya raya mana su. Hana ruwan nan da kika yi ba rashin kunya ba ne, kuma kada ki sassauta. Zan daɗe a kan wannan magana, ki yi haƙuri da ni, domin ita ce ke cika mana gadajen ɗakin yara duk bazara.

Kin riga kin ji a wurin awo cewa nono zalla ake ba jariri har wata shida. Abin da ba a cika zaunar da kakanni a faɗa musu ba shi ne dalili. Kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Wanda ke fara fitowa idan yaro ya kama ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishi. Na baya ya fi kauri da maiƙo, shi ke ƙosar da shi. Saboda haka idan rana ta take, maganin ƙishin yaronki shi ne ki ƙara yawan ba shi, dare da rana, ki kuma bar shi ya gama da ɗaya kafin ki juya shi ɗayan. Ke ce za ki ajiye kofin ruwa kusa da ke kina sha. Idan yana jiƙa ƙyallensa sau shida ko fiye a yini, fitsarin ba ja, nauyinsa kuma yana hawa a katin awo, to ba ya jin ƙishirwar komai, ko da kuwa a Maiduguri kuke a watan Afrilu.

Yanzu ga abin da cokalin ruwan nan ke jawowa. Cikin ɗan wata uku ɗan ƙarami ne, duk wurin da ruwa ya tare nono ne ya rasa. Yaro ya ji cikinsa ya cika, ya rage tsotso. Nono kuwa gwargwadon tsotso yake kawowa, sai ya fara ja da baya. Nan sai ki ji an ce, “Ai ga shi nan, nononta ba ya isarsa.” Sai a dama koko. Ko a ciwo bashi a sayo madarar gwangwani, wadda albashin malamin firamare ba zai iya riƙewa ba, sai a riƙa tsinka ta da ruwa don ta kai ƙarshen wata, a zuba a fidar da ba a dafa ba. Daga nan sai gudawa. Haka ake kawo mana su: ido ya zurma, leɓe ya bushe, maɗiga ta faɗa an shafe ta da wani baƙin haɗi, yaro yana kuka ba hawaye. Ka tambayi uwa me aka ba shi, ta dubi surukarta, ta sunkuyar da kai ta ce, “Ruwa ne kawai.”

Ko da ruwan mai tsabta ne, ba a tsira ba. Ƙodar jariri ba ta yi ƙwarin fitar da ruwa mai yawa ba. Idan aka ɗura masa, gishirin jininsa yana tsinkewa, abin ya kai ga kumburin ƙwaƙwalwa da jijjiga. In ya fara jijjiga kuma ba wanda zai tuna da ruwan. Mayu za a kama, ko a ce wata maƙwabciya ce ta yi masa baki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawarar wata shidan nan tun 2001, amma binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal na jariran da ba su kai wata shida ba ne ke shan nono zalla. Matanmu ba ƙin shayarwa suke yi ba, kusan kowace tana ba da nono. Ruwan nan ne ke ɓata lissafin. Mu ma'aikatan lafiya ma da namu alhakin. A zamanin da surukarki ta yi nata goyon, a asibitoci da dama ma'aikata da kansu ke miƙa wa mai jego ruwan gulukos ta ba jariri, don haka ba daga kanta ta ƙago ba. Yau kuma sai a buga hotuna da Turanci a manna a bangon asibiti, a yi taro a otal a ci abinci a watse, alhali wadda ke riƙe da jariri da cokali a hannu tana gida ba wanda ya je ya yi mata magana da harshen da take ji.

Sai gorar mai addu'a. A nan raina yake ɓaci. Ni ma mai bi ce, ina durƙusawa a gefen gadon marar lafiya in yi addu'a, kuma ba na jin kunyar hakan. Amma addu'a ba ta buƙatar bi ta maƙogwaron jariri kafin Allah ya ji ta. Wa ya san rijiyar da aka ɗebo ruwan? Hannu nawa ya shiga robar kafin a ɗura a gora? Kwana nawa ta yi a rana? Na sha karɓar irin waɗannan gorori daga jakar masu jinya, wata da man zaitun yana yawo a sama, wata da gari-gari kwance a ƙasa wanda shi kansa mai bayarwar ba zai iya faɗa miki sunansa ba. Mai kuma idan ya sarƙe jariri ya gangara huhu, ciwon da yake haddasawa ba ƙarami ba ne. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, wani maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a ƙasar nan, saboda an haɗa shi da wani sinadari irin wanda ake sa wa a man birki, ya lalata musu ƙoda. Wannan fa yana da kwali da suna, a kemis ake sayar da shi. To ina ga gorar da ba rubutu, ba wanda za a kama in abu ya faru? Duk bawan Allah na gaskiya, in kika ce masa likita ya hana a sa wa yaro komai a baki, zai ɗora masa hannu ya yi addu'a ya sallame ku. Wanda ya ce sai an sha, ko ya ce rashin bangaskiyarki ce, ko ya yanka wa gora kuɗi, ki ɗauki ɗanki ki bar wurin.

Haka zuma, haka jiƙe-jiƙe, haka ruwan maganin ciwon cikin jarirai da masu kemis ke turawa. Zuma ma har sai yaro ya cika shekara, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Abin da aka yarda ya shiga bakinsa ban da nono shi ne ɗigon rigakafi, da maganin da ma'aikacin lafiya ya rubuta, da ruwan gishiri da sukari na leda idan gudawa ta kama shi.

Kukan daren da ake nema wa magani kuwa, yawancin jarirai suna yinsa. Yakan tsananta wajen mako shida, ya lafa da kansa a wata uku zuwa huɗu. Ki ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa bayan kowane sha, ki goya shi ki zaga. Amma in kukan ya zo da zazzaɓi, ko ƙin kama nono, ko koren amai, ko numfashi da sauri, asibiti za ku nufa a daren, ba jiran gari ya waye.

Game da surukarki, kada ki tsaya cacar baki da ita, ba za ki ci riba ba. Ɗanta ne ya kamata ya zauna da ita su biyu ya ce, “Mama, mun yanke shawara.” Daga bakinsa maganar za ta fi shiga. Ranar awo ki roƙe ta ta raka ki, ta ga ma'auni da idonta, ki sa nas ta yi mata bayani. Sannan ki ba ta aikin da zai nuna ba a raina ta ba: ita ce mai kula da cinki da shanki. Kunun gyaɗa, kunun acha, gwate da ganye, duk ta dama ta ba ki. Kunun kanwa kaɗai za ki kauce wa, domin tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan shansa, tare da wankan jego mai tsananin zafi, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Babbar 'yarki kuma ta fi damuna fiye da yadda kika sa ta a wasiƙar. Yaron da aka yi wa ƙane yakan faɗa tsakani, hankalin kowa yana kan jariri, shi kuma a lallaɓa shi da abin da ba zai yi kuka ba. Indomie tana cika ciki, amma fulawa ce da mai da gishiri. Shayi kuma yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci, ga shi yana toshe mata ciki kafin tuwo ya sauka. Ki janye shayin gaba ɗaya. Za ta yi bori kwana biyu, ki daure. Kuɗin da ke tafiya a Indomie da shayin ki sayi gero ko dawa mudu uku, waken soya mudu ɗaya, gyaɗa rabin mudu. Ki tsince gyaɗar da kyau ki zubar da duk wadda ta yi funfuna ko ta yi ɗaci, gubarta tana taɓa hanta. Ki soya kowanne daban, waken ya soyu sosai a cire ɓawon, a haɗa a niƙa. Shi ne garin da ake kira Tom Brown. Ki dama da kauri, yadda ba zai zube daga cokali ba, ki ɗiga manja. Ƙwai ɗaya idan ya samu, ki manta da zancen wai yana sa yaro sata. Wake, awara, dakakken busasshen kifi a miyar kuka, zogale, kabewa, gwanda, mangwaro da yanzu yake shigowa. Ta ci sau uku da ɗan abin taɓawa sau biyu, a kwanonta ita kaɗai, kina zaune kusa da ita. Naman miya kuma a daina kwashe shi duka zuwa kwanon maigida.

Amma kafin duk wannan, ki kai ta asibiti a wannan makon a auna damtsenta. In ma'aunin ya nuna ƙasa da santimita 12.5 tana buƙatar kulawa, in ya gaza 11.5 ko ƙafafunta biyu sun kumbura, tamowa ce mai tsanani, ba a jinyarta da dabarar gida. Ki tambaya ko lokacin bitamin A da maganin tsutsar cikinta ya yi, duk wata shida ake bayarwa.

Azumi kuwa, bana ba naki ba ne. Mai shayarwa ƙarin abinci take buƙata a kan na kullum, kuma ke kaɗai ce abincin yaron nan da ruwan shansa. Ki buɗe 1 Sama'ila sura ta 1. Elkana ya tashi da iyalinsa za su Shilo miƙa hadayar shekara, matarsa Hannatu ta ce ba za ta je ba sai ta yaye ɗanta Sama'ila, mijin kuma ya ce ta yi abin da ta ga ya dace. Matar da ta yi kuka a gaban Ubangiji kafin ta sami ɗan nan ce ta zauna a gida saboda shayarwa, kuma ba inda Nassi ya zarge ta. Ki gaya wa fastonku ko matarsa halin da kike ciki, ki riƙe lokutan addu'a tare da sauran, ki ci abincinki.

Ku kuma iyayena na Zumuntar Mata, da ku nake. Kuna zuwa barka da sabulu da atamfa, Allah ya saka. Amma sau nawa a cikinku wata ta ja kakar jariri gefe ta ce kada a ba shi ruwa? Kuna da nas-nas da ungozomomi a cikinku suna zaune a benci ɗaya da ku, sanye da ankon zumunta. Ku ba su minti 20 a taron mako su yi wannan bayani da Hausa, ku gayyato surukai musamman, maza ma a kira su. Mai jego in ta ce ba za ta yi azumi ba, kada wadda ta harare ta. Masu sayar da gorori a bakin majami'a kuma, dattawan ikkilisiya sun san su da sunayensu, su kira su su tambaye su abin da ke ciki.