Wace taya ce ta dace da Hilux mai bin kwalta da hanyar ƙauye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux da nake zirga-zirga da ita tsakanin gari da gona, wani lokaci ɗauke da buhunan taki ko hatsi. Hanyar rabi kwalta ce, rabi burji da yashi, da damina kuma taɓo. Masu sayar da taya sun ce in sa A/T, wasu sun ce M/T. Wacce zan saya, kuma me zan duba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, A/T ce tayarka, wato wadda aka yi don kwalta da burji duka. H/T ta kwalta ce, zanenta ƙanana ne, dutse kuma na saurin yanka ta. M/T mai manyan haƙora ta taɓo ce zalla: a kan kwalta tana da ƙugi, tana ƙara shan mai, tana saurin cinyewa, birkinta kuma ya fi rauni idan titi ya jiƙe. Sai dai ka sani, a laka mai danƙo zanen A/T ma yakan cushe ta riƙa sulɓi. Amma saboda wata uku ko huɗu na damina ba zan ba ka shawarar wahala da M/T duk shekara ba.

Yawancin masu saye zane suke kallo, alhali maganar tana rubuce a gefen taya. Ka fara da takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, nan kamfani ya rubuta girman taya da awon iska. Hilux da yawa na zuwa da 265/65R17: faɗinta milimita 265, tsawon gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, rim kuma inci 17. Bayan wannan za ka ga lamba da harafi, misali 112S. Lambar 112 na nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,120, harafin S kuma gudun da bai wuce kilomita 180 a awa ba. Kada ka sayi wadda lambar nauyinta ta gaza ta kamfani, komai arharta.

Tunda kana lodi, nemi wadda lambar girmanta ta fara da LT, wato tayar ƙananan motocin ɗaukar kaya. Jikinta ya fi kauri, ta fi jure ƙaya, kututture da bakin ramin kwalta, waɗanda su ne ke fasa gefen taya, wurin da faci ba ya riƙewa. Za ka ga an rubuta C, D ko E, daidai da ƙarfin shimfiɗa 6, 8 ko 10. Ga aikinka C ko D ta wadatar. E ta fi ƙarfi, amma idan motar ba kaya za ka ji kowane rami a bayanka. LT kuma tana buƙatar iska fiye da taya ta yau da kullum kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya, don haka mai faci ya duba jadawalin kamfanin tayar. Lambar da ke gefen taya iyakar iska ce, ba awon tafiya ba.

Wasu kan ƙara girma zuwa 265/70R17 don motar ta ɗaga. Tsayin zai ƙaru da kusan kashi 3 cikin ɗari, agogon gudu ya nuna 100 alhali kana wajen 103, motar ta ɗan rage kuzari a hawa, tayar kuma tana iya gogar madugadi idan ka murɗa sitiyari ƙarshe da kaya a baya.

Sai shekarun taya. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen taya su ne ranar ƙira: 2423 na nufin mako na 24 na shekarar 2023. Roba na bushewa ko ba a hau ta ba, zafin rana irin namu kuma na gaggauta hakan. A nan ne tayoyin gwanjo ke cutar da mutane. Zanensu na iya yin kyau alhali sun tsufa, wasu ma na ƙasashen ƙanƙara ne, robarsu mai laushi ce, ba ta daɗewa a kan kwaltar watan Afrilu. Tsagewa a gefe ko kumburi, ko ƙanƙani ne, ka bar ta.

Ka sayi huɗu iri ɗaya, safaya ma girmansu ɗaya, domin bambancin tsayi na wahalar da giyar ƙafa huɗu. BFGoodrich KO2, Yokohama Geolandar A/T da Bridgestone Dueler A/T duk sanannu ne. Saya wurin dila da zai ba ka rasit. A yi balansin da alaimen ranar da aka ɗaura, a riƙa sauya musu wuri duk kilomita 8,000 zuwa 10,000. A yashi mai zurfi rage iska zuwa wajen 20 psi a ma'aunin iskar taya ka tafi a hankali, amma ban da lokacin da motar ke cike da buhuna. Ka ajiye famfo a mota ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta, don taya mai ƙarancin iska a kan gudu zafi take ɗauka har ta fashe.