An nemi a sa mahaifiyata a gwajin kula da masu ciwon mantuwa, in yarda?

Tambaya: Likita, mahaifiyata shekararta 74, kuma shekara uku ke nan da aka tabbatar tana da ciwon mantuwa. Ni nake jinyarta. A asibitin da muke zuwa, wasu masu bincike sun nemi mu shiga wani gwaji. Ba magani za su ba ta ba, wai ni za a riƙa koya wa yadda zan bi da ita idan ta rikice, har tsawon wata uku. Iyalai 40 kawai za su ɗauka, kuma sun gaya mini ƙarara ba su da tabbacin zai amfane ta. To mene ne amfaninsa? Yayana ya ce kada in bari a mayar da Mama zakaran gwajin dafi.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Allah ya ba Mama sauƙi, ke kuma ya saka miki da alheri.

Maganar da ta sa miki shakka ita ce ta fara kwantar mini da hankali. Mai binciken da ya ce ba shi da tabbas gaskiya ya faɗa. Da cewa ya yi Mama za ta warke, da sai in ce ki ja hannunta ku fita.

Irin wannan shi ake kira gwajin share fage. Iyalai 40 sun yi kaɗan a ce an tabbatar da amfanin wata hanya, kuma masu binciken sun san haka. Abin da suke nema daban ne: shin abin ma zai yiwu? A takarda tsarin yakan yi kyau. Sai an shiga gida ake gane cewa takardar tambayoyi ta awa guda ta fi ƙarfin dattijuwar da ke gajiya cikin minti goma. Ko kuma an sa zaman da yamma, daidai lokacin da masu wannan ciwo da yawa suka fi rikicewa, ki ga ta tattara kayanta a ɗankwali ta nufi ƙofa tana cewa gida za ta, alhali a ɗakinta take. Ko mai jinya ta zo zama biyu ta daina, don ba ta da wanda za ta bar wa maras lafiya. Gara a gano wannan da iyalai 40 a gyara, da a gano shi bayan an tara mutum dubu an kashe maƙudan kuɗi.

Me ya sa ake gwajin kulawa maimakon a mayar da hankali kan magani? Ana yin duka biyun, sai dai hanyar magani ta yi wuya. Wani nazari da aka buga a 2014 ya bi sawun magunguna 244 da aka gwada wa cutar Alzheimer, wadda ita ce nau'in ciwon mantuwa da ya fi yawa, tsakanin 2002 da 2012, guda ɗaya tak ya samu amincewa. Wani sabon magani mai suna lecanemab, wanda Amurka ta ba cikakkiyar amincewa a 2023, ya rage saurin lalacewar tunani da kusan kashi 27 cikin ɗari a wata 18. Bai tsayar da ciwon ba, sai a farkon cuta ake ba da shi, an fara ba da shi ta jijiya duk mako biyu, kuma yana iya jawo kumburi ko ɗigon jini a ƙwaƙwalwa. A ɗaya gefen, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum sama da miliyan 55 ne ke da ciwon mantuwa, ana samun sababbi kusan miliyan 10 kowace shekara. Yawancinsu hannun mai jinya ne abin da suke da shi yau.

Shi ma hannun sai an gwada, domin abin da hankali ya ga ya dace ba lallai ne ya zama daidai ba. An daɗe ana ba masu rikicewa magungunan taɓin hankali don su natsu, sai a 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu wannan ciwo. Abin da aka ba ki kuwa ya yi kama da wani shiri mai suna START da aka gwada a Ingila da masu jinya 260. Zama takwas ne, ana koya musu fahimtar halin maras lafiya da yadda za su kula da kansu. An buga sakamakon a 2013: damuwa da ƙuncin rai sun ragu, kuma da aka waiwaye su bayan shekara shida, an tarar amfanin bai gushe ba. Haka shirin zaburar da tunani na rukuni, inda ake tara masu ciwon ana motsa musu ƙwaƙwalwa da hira da wasanni, zama 14 cikin mako 7, da ƙaramin gwaji ya faro kafin babban gwajin 2003 mai mutum 201, yau kuma hukumomin lafiya na Ingila suna ba da shawarar a yi shi. Saboda muhimmancin wannan mataki ne Cibiyar Binciken Tsufa ta Amurka ta ware sama da dala miliyan 53 a 2019 ga wani haɗin gwiwa da ake kira IMPACT, wanda babban aikinsa ɗaukar nauyin gwaje-gwajen share fage a asibitoci da gidajen kula da tsofaffi, inda ma'aikata suka yi kaɗan kuma lokaci ba ya isa.

Ra'ayina: ki shiga, amma ido buɗe. Tsoron yayanki ba na banza ba ne, tarihin bincike na da tabonsa, shi ya sa tun 1964 aka kafa ƙa'idojin Helsinki don kare waɗanda ake gwaji da su. Ki nemi a nuna miki shaidar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Ki karɓi takardar amincewa ki tafi da ita gida, ku karanta tare da shi, kada ki sa hannu a tsaye. Ki tambaya ko za a raba ku gida biyu ta hanyar ƙuri'a, don kina iya faɗawa rukunin da za a ci gaba da yi wa kulawar da aka saba, a kwatanta da ɗayan. Wannan ba wariya ba ce, babu yadda za a san bambanci sai da shi. Ki tambayi wanda zai ga bayanan Mama, da sa'o'in da abin zai ci miki a mako. Kuma kina da damar fita ranar da kika ga dama, ba tare da likita ya canza muku fuska ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne ita kanta Mama. Ciwon mantuwa ba ya ƙwace wa mutum ra'ayinsa dare ɗaya. Ki zaɓi safiyar da take cikin natsuwa ki yi mata bayani da gajerun kalmomi. Ko da ke za ki sa hannu a madadinta, idan mai binciken ya zauna ta kau da kai, ta ja mayafi ta rufe fuska, ko ta fara murza hannuwa tana neman tashi, to ta ce a'a ke nan, a dakata ranar.

Idan kuma kin shiga, kada kunya ta sa ki ce komai lafiya. In darasin ya yi tsawo ki faɗa. In dabarar da aka koya miki ta lokacin wanka ba ta yi ba, Mama ta ture bokitin kamar kullum, ki gaya musu haka, har da lokacin da abin ya faru da abin da kika ce mata kafin ta ture.