Hukuncin Man Shafawa: Abin Da Ke Cikin Kwalba Da Abin Da Yake Yi Wa Fata

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na yi fama da ƙuraje a fuska, da suka warke sai suka bar mini baƙin tabo. Wata ta ba ni haɗin mai a cikin roba marar rubutu, na shafa, tabon ya dushe, amma fuskar gaba ɗaya ta fi wuyana haske, kuma duk ranar da na fasa shafawa sai ƙaiƙayi da zafi su taso mini. Sannan man da nake shafawa a jiki an rubuta cewa akwai alkahol da gilisarin da kolajin a cikinsa, aka ce mini wai daga giya da alade ake samo su. Shin ya halatta in ci gaba da waɗannan mayuka, kuma alwalata tana inganta idan akwai mai a jikina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa. Ya ke 'yar'uwa, ki sani cewa asali a kan shafa mai da gyaran jiki shi ne halacci, domin Allah Maɗaukaki Ya ce a Suratul A'araf, aya ta 32: "Ka ce, wane ne ya haramta adon Allah da Ya fitar wa bayinSa?" Muslim kuma ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah kyakkyawa ne, Yana son kyau. Saboda haka ba a haramta wani mai don kawai ana kiransa man kwalliya, sai an duba abin da ke cikinsa, da abin da yake yi wa fata, da kuma abin da mai shafawa take nufi da shi.

Mafi yawan man shafawa ruwa ne da maiƙo da aka haɗa su wuri guda, aka ƙara musu wasu sinadarai kowanne da aikinsa. Gilisarin da yuriya suna janyo laima su riƙe ta a saman fata, man kaɗanya da makamantansa suna laushe kaushi, shi kuwa basilin da lanolin suna rufe fata don kada ruwan da ke cikinta ya tsere. Waɗannan ba sa canza halitta, ba sa cutarwa ga mafi yawan mutane, hasali ma magani ne ga mai bushewar fata ko faso, don haka halal ne ba tare da wata tantama ba. Abin da ya fi yawan tayar wa mutane da borin fata a irin wannan man shi ne turaren da ake sakawa a ciki, kuma wadda ta ga wani mai yana yi mata haka sai ta bar shi, tunda abin da ya halatta ga kowa yana iya zama abin hani ga wanda yake cutarwa.

Inda magana take da nauyi shi ne wannan roba marar rubutu da aka ba ki. Launin fata yana fitowa ne daga wani sinadari da jiki yake ƙerawa da kansa, ana kiransa melanin, kuma shi ne garkuwar da take tare wa fata illar hasken rana. Mayukan bilicin aikinsu shi ne hana jiki ƙera shi, kuma sinadarai uku ne aka fi kama su da wannan aiki: haidurokwinon, da sitiroid masu ƙarfi irin su kulobetasol da betametason, da kuma makuri, wato zaiba.

Haidurokwinon magani ne da likitocin fata suke rubutawa a kan tabo, yawanci mai ƙarfin kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, na 'yan watanni ƙayyadaddu, a kan wurin tabon kaɗai. Idan aka mayar da shi man yau da kullum na shekaru, sai ya juyo da baya, ya bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan kundukuki da goshi, baƙin da ya fi na farko muni kuma yake da wuyar magani ƙwarai, an gudu ba a tsira ba. Dalilin haka ne Tarayyar Turai ta hana saka shi a mayukan hasken fata tun shekarar 2001, Amurka kuma ta hana sayar da shi ba tare da takardar likita ba a shekarar 2020.

Shi kuwa sitiroid, asalinsa maganin kumburi da ƙaiƙayi ne na ɗan gajeren lokaci, kuma hasken da yake kawowa illa ce daga cikin illolinsa da mutane suka mayar abin nema. Wadda ta daɗe tana shafa shi za ki ga fatarta ta yi siriri kamar takarda, ƙananan jijiyoyin jini sun fito jajaye ana ganinsu a kumatu, nankarwa mai faɗi ta tsaga damtse da cinya, gaɓoɓin yatsu sun rage baƙi alhali bayan hannu ya yi fari, ciwo kaɗan ya ƙi warkewa, makero da ƙuraje sun sami wurin zama. Kuma ba a fata yake tsayawa ba, domin idan ana shafe jiki da shi yana ratsawa cikin jini ya jawo hawan jini da ciwon suga, ya kuma raunana halittar da ke saman ƙoda wadda take samar wa jiki irin wannan sinadari da kansa. Ƙaiƙayi da zafin da kika ce suna taso miki idan kin fasa shafawa suna daga cikin sanannun alamomin fatar da ta saba da sitiroid, amma tabbatar da haka aikin likita ne bayan ya duba ki.

Makuri ya fi su duka sharri, domin guba ne da yake taruwa a jiki ya lalata ƙoda da jijiyoyi, ya kawo karkarwar hannu da mantuwa da rashin barci, ya ratsa mahaifa ya kai ga ɗan tayi, ya kuma bi ruwan nono zuwa jariri. Har wanda bai shafa ba yana iya kamuwa ta tawul da zanen gado da taɓa jikin uwa. Yarjejeniyar Minamata ta shekarar 2013, wadda aka sa wa sunan garin Japan da gubar makuri ta nakasa mutanensa, ta hana kayan kwalliyar da makurin cikinsu ya wuce miligiram 1 a kilo guda, daga baya a shekarar 2023 ƙasashen da ke cikinta suka amince a hana saka shi gaba ɗaya.

Hukuncin shafa waɗannan abubuwa don canza launin fata shi ne haramci, kuma ban ga wata kafa ta sassauci a ciki ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce: "Babu cuta, babu cutarwa," kamar yadda Imam Malik da Ibn Majah suka ruwaito, Allah kuma Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada mu jefa kanmu cikin halaka, kuma cutar waɗannan sinadarai tabbatacciya ce a wurin masana lafiya, ta wuce zato. Bayan cuta akwai canza halitta, wanda Suratun Nisa'i, aya ta 119, ta nuna cewa yana cikin abin da Shaiɗan ya yi alwashin umurtar 'yan Adam da shi, kuma a hadisin Ibn Mas'ud da Buhari da Muslim suka ruwaito an la'anci masu tsaga jiki su cusa launi da masu tsaga wushirya don neman kyau, aka siffanta su da masu canza halittar Allah. Abin da ya fi damuna a wannan al'amari shi ne tunanin da ke ƙarƙashinsa, cewa wai baƙar fata aibi ce da ake wankewa, alhali Allah Ya lissafa saɓanin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinSa a Suratur Rum, aya ta 22. Wanda kuma yake haɗa irin wannan mai yana sayarwa yana ɓoye abin da ya zuba, ya tara laifin cutarwa da na algus, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Sai dai neman kawar da tabon ƙuraje, wanda shi ne asalin abin da kika nema, ba ya shiga wannan hani, domin mayar da fata zuwa launin da Allah Ya halicce ta da shi magani ne. Hujjar malamai a nan ita ce hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke masa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi masa ɗoyi, sai Annabi ya umurce shi da ya sa na zinare, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Don haka idan likitan fata ya rubuta miki haidurokwinon ko sitiroid da ƙayyadadden ƙarfi da lokaci, amfani da shi halal ne. Akwai kuma sinadarai masu sauƙin illa da suke rage tabo a hankali, irin su niyasinamaid da azelayik asid da bitamin C, tare da man kariya daga rana, tunda rana ce take ƙara wa tabo duhu. Retinol da danginsa suna da amfani ga ƙuraje, amma likitoci suna hana mai juna biyu su saboda tsoron illa ga ɗan tayi, kuma bin wannan hani wajibi ne a kanta.

Abin da ya wajaba a kanki shi ne barin wannan haɗi, amma ki ɗauki robar ki kai wa likita ba tare da jinkiri ba, domin yanke sitiroid farat ɗaya bayan daɗewa yana iya tayar da fata matuƙa, shi ya sa likitoci suke janye shi sannu a hankali. Kwanakin da za ki yi kina ragewa bisa umurnin likita babu laifi a kanki a cikinsu, haka nan abin da kika shafa a baya cikin rashin sani.

Game da alkahol kuwa, ba duk abin da yake ɗauke da wannan suna ne yake bugarwa ba. Setil alkahol da sitiyaril alkahol, waɗanda su ne aka fi samu a man jiki, daskararrun abubuwa ne da ake samu daga maiƙo don su ba wa mai kauri, ba su da wata alaƙa da giya. Etanol shi ne sinadarin da ke cikin giya, kuma a kansa malamai suka yi saɓani: mazhabobi huɗu sun tafi a kan cewa giya najasa ce, amma Rabi'a, malamin Imam Malik, da Laisu ɗan Sa'ad da Muzani sun ce haramcinta a sha yake, jikinta mai tsarki ne. Abin da na rinjayar shi ne cewa etanol ɗin da ake ƙerawa a masana'anta don magani da turare ba ya najasta jiki ko tufafi, kuma taron malamai da likitoci da aka yi a Kuwait a shekarar 1995 ya tafi a kan haka. Wadda ta guje shi don fita daga saɓani ta kyauta, amma kada ta ce sallar waninta ta ɓaci.

Gilisarin ana samunsa daga man tsirrai ko kitsen dabba ko kuma a ƙera shi, kolajin kuma daga fatar shanu ko kifi ko alade, lanolin daga gashin tumaki, wanda yake mai tsarki. Idan ba a bayyana asalin abu ba, ba a ɗora miki bin diddigi ba, domin shakka ba ta kawar da tsarkin asali, kuma "wai" ba hujja ba ce a shari'a. Idan kuwa an rubuta ƙarara cewa daga alade ne, sai a duba ko ya rikiɗa ya zama wani abu dabam a suna da siffa, kamar yadda kitse yake rikiɗa ya zama sabulu da gilisarin, wanda malamai suke kira istihala, kuma Hanafiyya da malamai da yawa na Malikiyya da Ibn Taimiyya sun ce tana tsarkakewa. Kolajin alade da kitsensa da aka zuba yadda suke ba su cika wannan sharaɗi ba a ganina, don haka a bar su, musamman da yake akwai na kifi da na dabbar da aka yanka.

Alwala kuma ma'auninta shi ne isar ruwa ga fata. Man da fata ta shanye, ya bar santsi ko ƙyalli kawai, ba ya hana alwala ko wanka, ko da kin ga ruwa yana gangarewa ɗigo-ɗigo, matuƙar kin cuɗa gaɓar ruwan ya game ta. Wanda yake hanawa shi ne man da yake da kauri, wanda za ki iya kankare shi da farce ya fito, kamar basilin da aka lafta da kauri, ko kwalliyar da aka yi ta musamman don kada ruwa ya ratsa ta. Irin wannan wajibi ne a gusar da shi kafin alwala, domin Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya ga mutumin da ya bar lam'a gwargwadon farce a ƙafarsa, sai ya ce masa ya koma ya kyautata alwalarsa. Idan kuwa kin shafa mai bayan kin yi alwala, kowane iri ne, alwalarki tana nan, tunda shafa mai ba ya cikin abubuwan da suke warware ta. Maganin da likita ya sa a kan ciwo ya kuma hana a wanke, hukuncinsa hukuncin ɗauri ne, sai ki shafa ruwa a kansa ki wanke sauran gaɓar.

Allah Ya ba ki lafiya. Allah ne Mafi sani.