Tambayoyinku: An gayyace ni Honors College a Amurka, in karɓa ko in bar musu abinsu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, fatan kina lafiya, ya aiki. Ni ɗalibi ne daga Zariya, Allah ya yi min adimishon a wata jami'ar gwamnatin jiha a Amurka zan karanta injiniyan lantarki, sai ga wani imel daban sun turo wai suna gayyatata in nemi shiga Honors College ɗinsu, zan rubuta musu ɗan bayani a kaina kuma akwai ƙarin kuɗi. Baba ya ce ai duk wanda ya gama digiri da sakamako mai kyau ana sa masa Hons a takardarsa, shi ma akwai a tasa ta ABU, don haka hanyar tatsar mutane ce kawai. Ni kuma tsorona kar karatun ya yi min yawa in zo in ji kunya. Don Allah mene ne amfaninta?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, barka da arziki, Allah ya sa albarka ya sa ka fara a sa'a.

Baba bai yi kuskure ba a kan tasa takardar. Hons ɗin da muka sani a gida gadon tsarin Ingila ne, sai an gama karatu ake duba makinka a ba ka aji, wanda ya kai 4.50 cikin 5.0 ya fita da First Class, haka har ƙasa. Wannan da aka gayyace ka kuwa suna ne kawai ya zo ɗaya. Ƙaramar makaranta ce a cikin babbar makaranta, yawanci tun ranar farko kake shiga, tana da nata shugaban da nata azuzuwan, sau da yawa har da nata hostel.

Abin ya samo asali ne a 1922 a wata ƙaramar kwaleji mai suna Swarthmore a jihar Pennsylvania. Shugabanta Frank Aydelotte ya yi karatu a Oxford, ya ga yadda malami ke zama da ɗalibai ƙalilan a yi ta muhawara, sai ya kawo salon gida. Daga baya manyan jami'o'in jihohi suka ɗauka saboda haziƙan yaransu na guduwa makarantu masu tsada. Kuma ana zuba wa abin kuɗi ba na wasa ba, a 1997 iyalan Schreyer sun ba ta Penn State dala miliyan 30, a 2000 kuma Craig Barrett na kamfanin Intel da matarsa Barbara suka ba ta Arizona State dala miliyan 10, shi ya sa ake kiran biyun da sunayensu.

Toh ga inda amfanin yake. A babbar jami'ar jiha lakcar lissafi ko fizis ta aji ɗaya za ka tarar da ku ɗaruruwa a hol guda, furofesa na can ƙasa da makirfo a maƙale a riga kamar mai wa'azi, ka yi semesta guda bai san da kai a duniya ba, wanda ke duba takardarka ma ɗalibin mastas ne ko na PhD. A ajin Honors kuwa yawanci ba ku wuce ashirin da 'yan kai ba, kuna zagaye da tebur ɗaya, in ka yi shiru sai malamin ya juyo ya kira sunanka, ko da ya karya sunan, ya ce kai me ka gani. Satin farko abin zai yi maka nauyi saboda mu an raine mu a kan ba a ja da malami, amma wallahi wannan sanin da zai yi maka shi ne ribar duka. Shi zai ce zo lab ɗina ina neman mai taimako, shi zai duba furojet ɗinka na ƙarshe da yawancin waɗannan tsangayoyi ke wajabtawa, wanda za ka shafe kusan shekara kana yi sannan ka tsaya gaban malamai ka kare, kuma ranar da za ka nemi mastas shi zai rubuta maka wasiƙar shaida. Wasiƙar wanda ya zauna da kai shekara uku daban take da ta wanda ya duba kwamfuta ya ga ka ci A, masu karantawa suna ganewa tun layin farko. Kai da za ka je ƙasar da ba ka da kawu ba ka da ɗan'uwa, ba ka da wanda zai ɗaga waya dominka, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai rijistar kos. A jami'o'i da yawa ana buɗe wa 'yan Honors kafin sauran, kar ka raina wannan, domin kujeru ƙirgaggu ne kuma cikin 'yan mintuna kos mai kyau yake cika, kana kallon allo kana gani yana rufewa. Ga shi bizar ɗalibai ta F-1 ta wajabta maka ɗaukar aƙalla kiredit 12 kowace semesta, in ka riga kowa zaɓe kana iya ma tsara jadawalinka ya zama ba ka da lakca lokacin sallar Juma'a.

Akwai kuma masu ba da shawara kan manyan sikolashif. A nan ka yi hattara, irin su Goldwater da Truman da za ka ji ana ta yayatawa an yi su ne don 'yan ƙasar Amurka, amma Rhodes tana da gurbin Afirka ta Yamma, Gates Cambridge da Knight-Hennessy ta Stanford su ma ɗan Najeriya na iya nema.

Batun kuɗi kuma Baba yana da hujjar yin tambaya. Wasu kyauta ne, wasu kamar Barrett suna karɓar ƙari, kuma hostel ɗin Honors kan fi tsada, da yadda dala take ga naira yanzu wannan ba abin kau da kai ba ne, aikin da bizarka ta yarda ka yi a cikin makaranta ma awa 20 ne kacal a sati lokacin karatu. Ka mayar musu da imel ka tambayi adadin ƙarin, ko ana yafewa, ko zama a hostel ɗinsu dole ne, da ko suna da tallafin da ɗaliban waje ke ci. Kar ka ji nauyi, aikinsu kenan.

Tsoron faɗuwa kuwa, na fahimce ka, injiniya ba ta barin mutum ya yi numfashi. Akwai makin da dole ka riƙe, a Schreyer 3.40 ne cikin 4.0, a Barrett 3.25 kafin ka fita da sunansu. Amma akasari ba ƙarin kwasa-kwasai ake jibga maka ba, waɗanda dama za ka yi ne ake canja wa salo, wasu wuraren ma ka je ka yi yarjejeniya da malamin kos ɗinka na yau da kullum ka yi masa ƙarin aiki guda a lissafa maka shi. In ya gagara, sai ka fita, shikenan, kana nan ɗalibin jami'ar ba abin da ya taɓa bizarka, sai dai ka tabbatar sikolashif ɗinka ba a ɗaure yake da zamanka a ciki ba. Ni dai shawarata ka nema, in ƙarin kuɗin bai fi ƙarfin Baba ba ka karɓa. Bayanin da za ka rubuta kuma ka ba su labarin Zariya yadda kake, in kai ne ke gyara wa gidanku inbata da sola to shi za ka rubuta.

TAMBAYA: Anti ni ina aji biyu ne a can tuni, lokacin da na zo ban ma san da abin ba, ya wuce ni kenan?

AMSA: Bai wuce ki ba tukuna ƙanwata, da yawansu suna ɗaukar ɗaliban da ke ciki da ma waɗanda suka yi canjin makaranta in makinsu ya yi kyau. Sai dai lokaci na cinki saboda suna son a rage miki isassun semestoci da za ki cika sharuɗɗansu ki yi furojet, don haka ki shiga ofishinsu satin nan da sakamakonki a hannu, ki kuma fara tunanin malamin da zai tsaya miki.